Yadda ake saka manhajar VOACAP, a saita ta, a kuma gyara ta idan hasashenta ya kauce

Duk mai rediyon sha'awa da ke aiki a gajeren zango ya san cewa mita 20, wato mitar megahaz 14, da ta buɗe jiya da la'asar tana iya rufewa ruf yau da safe. Dalili shi ne sigina ba ta tafiya kai tsaye. Sama take hawa, ta daki wani ɓangaren sararin samaniya da hasken rana ke cajawa, wato ayonosfiya, sannan ta dawo ƙasa a wani wuri mai nisa. Ƙarfin wannan cajin yana sauyawa da sa'a, da wata, da kuma yawan tabon da ke fuskar rana. VOACAP ita ce manhajar da aka fi dogaro da ita wajen lissafa wannan. Gidan rediyon Muryar Amurka ne ya sa aka inganta ta daga wata tsohuwar manhaja mai suna IONCAP, don ya san mitar da zai watsa shiri a kai, kuma kyauta ake samunta. Tana aiki daga megahaz 2 zuwa 30.

Kafin ka taɓa komai, ka riƙe wannan: VOACAP ba ta faɗin abin da zai faru yau. Lissafin wata guda take yi. Kamar manomi ne da ya san Agusta watan ruwa ne, amma bai isa ya ce za a yi ruwa ranar Talata ba. Yawancin masu cewa manhajar ƙarya take yi, ko dai sun nemi ta faɗa musu na yau, ko kuma sun bar saitin da ta zo da shi, wanda aka tsara domin manyan gidajen rediyo masu dubban wat.

Saka ta a kwamfuta

Akwai ta a intanet, a shafin voacap.com da Jari Perkiömäki, mai lambar kira OH6BG, ɗan ƙasar Finland, yake kula da shi. Nan ya fi sauƙi, domin an riga an gyara yawancin saitin. Amma ina ba da shawarar ka saka ta a kwamfutarka, saboda ba ta buƙatar data, kuma a nan ne za ka ga kowace lamba da idonka.

Ta Windows tana zuwa ne cikin ƙunshi mai suna ITSHFBC, tare da ICEPAC da REC533. Wurin sakawa ka bar shi yadda yake, C:\itshfbc. Kada ka kai ta cikin Program Files ko wata jaka mai tazara a sunanta. Tsohuwar manhaja ce da aka rubuta da Fortran, kuma tana rubuta fayilolin aikinta a cikin jakarta, a wurin da ake kira run. Idan Windows ta hana ta rubutu a can, za ka danna Run ka ga shiru, ko ta nuna maka sakamakon jiya. Idan kuma ta yi kukan ba ta ga salflibc.dll ba, sakawar ce ba ta kammala ba, ko manhajar kariya ta ɗauke fayil ɗin. Ka sake sakawa daga farko, kada ka je kana kwaso fayil ɗin daga wani shafin da ba ka sani ba.

Mai Linux zai nemi voacapl. Ana buƙatar gfortran, sai a bi ./configure, make, da make install. Matakin da ake yawan mantawa shi ne makeitshfbc, wanda ke ƙirƙirar jakar itshfbc a gidanka. In ba ka yi shi ba, manhajar ba za ta ga bayanan ayonosfiya ko na eriya ba.

Masu kwamfutar da aka saita da Faransanci, kamar yadda aka saba a Nijar da Chadi da Kamaru, su lura: VOACAP ɗigo ta sani, ba waƙafi ba. 14.1 za ka rubuta, ba 14,1 ba. Ya fi aminci ka shiga saitin yanki na Windows ka mayar da alamar ta zama ɗigo.

Wuri da lokaci

Buɗe VOACAP za ka ga maɓallai a jere ta hagu. A Method zaɓi 30. Wannan yana amfani da lissafin gajeriyar hanya har zuwa kilomita 7,000, ya gauraya shi da na doguwa tsakanin 7,000 da 10,000, don haka ba za ka ga sakamako ya yi tsalle ba gaira ba dalili. A Coefficients, inda ake zaɓar rukunin bayanan ayonosfiya, CCIR ko URSI, bar CCIR. Year ba ya shiga lissafi, suna ne kawai a kan takarda.

A Transmitter da Receiver ka sa latitud da longitud. Kano tana wajen 12.00 arewa, 8.52 gabas, Landan 51.5 arewa, 0.1 yamma. Idan ka sa su daidai, manhajar za ta ba ka nisan kusan kilomita 4,460 da fuskar digiri 352, wato arewa ta ɗan karkata yamma. Kullum ka duba waɗannan lambobin biyu kafin ka ci gaba, domin su ne ke tona kuskuren gabas da yamma. Dakar tana 17.4 yamma. Ka sa mata gabas, ka jefa tashar cikin Chadi, kuma manhajar ba za ta ce maka uffan ba.

Lokaci duk UTC ne. Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru suna gaba da awa ɗaya, Sudan da awa biyu, Gana kuma daidai take da shi. Layin da aka rubuta 18 yana nufin daga 17:30 zuwa 18:30 UTC, wato ƙarfe bakwai na yamma a agogon Kano ko Damagaram.

Lambar tabon rana

A Groups ake sa wata da SSN, wato lambar tabon rana, kuma a nan ake tafka kuskure iri uku.

Na farko shi ne sa ranar wata. Watan Maris 3.00 ne. Ka rubuta 3.15 da nufin sha biyar ga wata, manhajar za ta sauya zuwa bayanan URSI ba tare da ka lura ba, sakamakon ya bambanta da na abokinka alhali kuna ganin abu ɗaya kuka sa.

Na biyu shi ne ɗauko lambar yau daga intanet. VOACAP an gina ta ne a kan matsakaicin da aka daidaita na watanni goma sha uku, ba ƙidayar rana ɗaya ba. Ƙidayar yau tana iya zama 200, mako mai zuwa 90, ayonosfiya kuwa ba ta bin ta da wannan saurin. Ka nemi daidaitacciyar lambar wata, ko hasashenta, daga cibiyar SILSO da ke Beljiyam ko hukumar NOAA ta Amurka. Haka kuma kada ka sa lambar hasken rana ta santimita 10.7 da ake aunawa a Penticton ta Kanada. Wannan ma'auni ne daban, ko da rana ba ta da tabo ko ɗaya ba ya sauka ƙasa da sittin da 'yan kai.

Na uku ya fi ɓuya. Ranar 1 ga Yuli, 2015, SILSO ta sake tsarin ƙidayarta, sababbin lambobin suka fi tsofaffin girma. VOACAP da tsohon tsari aka auna ta. Saboda haka masana da dama suna ninka sabuwar lamba da 0.7 kafin su sa. Misali, zagayen rana na 25 da ya fara a Disamba 2019 ya kai ƙololuwarsa wajen Oktoba 2024 da kusan 161. A tsohon tsari wannan wajen 113 ne. Wanda ya sa 161 kai tsaye zai ga manhajar tana yi masa alkawarin mita 10 da mita 12 fiye da abin da zai samu.

System, inda aikin yake

Lambobi huɗu ne a nan suke da muhimmanci.

Hayaniyar da ɗan Adam ke haddasawa ana sa ta ne a ma'aunin megahaz 3. Unguwar gari 145, karkara 150, daji mai nisa 164. Lambar ta ƙasa da sifili ce, don haka ƙaramar lamba na nufin hayaniya mai yawa. A gaskiya mutane suna yi wa tasharsu kara a nan. Gidan da ke da inbata, da na'urar cajin sola, da ƙwayayen LED masu arha, ga janaretan maƙwabci, ga cajar waya a kowane soket, ba 150 ba ne, sau da yawa ma bai kai 145 ba. Ka gwada: kunna rediyo da batir, ka sa ta a wurin da babu kowa a mita 40, ka duba allurar S da ke nuna ƙarfin abin da rediyo ke kamawa, sannan ka kashe wutar gidan gaba ɗaya har da inbata. Kowane mataki ɗaya na S desibel 6 ne. Idan allura ta sauka mataki biyu, gidanka da kansa yana cinye maka desibel 12, kuma sai ka rage lambar ta koma wajen 140 kafin hasashe ya yi kama da abin da kunnenka ke ji. Ka tuna hayaniyar wurin mai karɓa ake sawa. Idan kana lissafin ko za a ji ka a Turai, ta can za ka sa. Idan kuma ko kai za ka ji su, sai ka juya tashoshin ka sa taka. Wannan ne ya sa ake samun tashar da kowa ke ji amma ita ba ta jin kowa.

Ƙarar tsawa ba sai ka sa ba, manhajar tana da taswirarta. Shi ya sa za ka ga mita 80 da 40 sun lalace a hasashen Yuli da Agusta a yankinmu, ko da MUF, wato mita mafi girma da ayonosfiya ke iya dawowa da ita ƙasa a wannan hanya, bai sauya sosai ba.

Kusurwa mafi ƙanƙanta ka sa digiri 3. Idan ka bar 0.1, manhajar za ta ɗauka siginarka na iya fita dab da ƙasa, alhali katanga da gidajen bene da bishiyoyi sun tare.

Required reliability bar shi 90.

Sai Required SNR, wato yadda ake son sigina ta fi hayaniya ƙarfi, wanda ke rikita mutane saboda ana auna shi a faɗin haz ɗaya tak. Lambar da ke ciki tun asali ta watsa shirye-shirye ce, sama da 70, kuma da ita tashar wat 100 da wuya ta nuna komai sai sifili. Murya ta SSB 38 ake sawa. Mos, wato saƙo da gajeru da dogayen sauti, tsakanin 19 da 24, gwargwadon kaifin kunnen mai saurare. FT8 kuwa, tsarin aika gajeren saƙo ta kwamfuta, 13. Ga inda 13 ta fito: WSJT-X, manhajar da ake yin FT8 da ita, tana auna sigina a faɗin haz 2,500, wanda ya yi daidai da desibel 34, FT8 kuma tana karantuwa har zuwa kusan -21. Haɗa su, ka sami 13. Ka riƙe wannan 34, za ta yi amfani a gaba.

A Fprob ka bar ukun farko a 1.0, na huɗu, wato na Es, cajin da ke bayyana jifa-jifa a ayonosfiya, ka sa 0.0. Lissafin manhajar na wannan ɓangaren ba abin dogaro ba ne.

Eriya da ƙarfin wuta

Eriyar da ke zuwa a gurbin mai aikawa sau da yawa const17.voa ce, mai ƙarin desibel 17 ta kowace fuska. Wannan ninki hamsin ne a kan wutarka. Babu mai waya ɗaure tsakanin bishiyar darbejiya da kan soro da ke da irin wannan. Ka sauya ta. Idan ba ka da fayil ɗin eriyarka, fara da isotrope, eriyar da ke harbawa daidai ta kowace fuska, mai ƙarin sifili a ɓangarorin biyu, daga baya ka ɗauko dayifol, wato eriyar waya miƙaƙƙiya da ake jona kebul a tsakiyarta, daga jakar samples ka gyara tsawonta da tsayinta daga ƙasa.

Tsayi ya fi komai tasiri. Dayifol ta mita 20 da aka ɗaga mita 10, wato rabin zangonta, tana harba ƙarfinta a kusurwar wajen digiri 30, kuma tana da abin taɓawa a ƙasa da haka. Ita ɗin dai a mita 5 sama take harbawa. Don Turai wannan asara ce, domin kilomita 4,460 sun wuce tsalle ɗaya, wanda iyakarsa wajen 4,000 ne, sai an yi biyu a ƙaramar kusurwa. Amma don Kano zuwa Damagaram, kilomita ɗari biyu da 'yan kai, eriya mai ƙasa-ƙasa a mita 40 ita ce daidai, sigina ta hau tsaye ta sauko kusa.

Ka duba Main Beam. Idan ka bar shi a sifili kana lissafin hanyar Brazil, eriyar tana kallon arewa ne. Dayifol ta gefenta take harbawa, don haka wayar da aka shimfiɗa gabas da yamma ita ke kallon Turai da Afirka ta Kudu. Ka kuma tabbata iyakar mitar eriyar ta rufe daga 2 zuwa 30.

Wuta da kilowat ake sawa. Wat 100 shi ne 0.1. Wanda ya rubuta 100 ya ba kansa desibel 30 na banza, kowane zango zai nuna masa a buɗe dare da rana. Ni ina ganin gara ma ka sa 0.08, saboda abin da ke salwanta a kebul da na'urar daidaita eriya.

Karanta sakamako

A Freq sa mitocinka, har goma sha ɗaya tana ɗauka: 3.6, 7.1, 10.1, 14.1, 18.1, 21.1, 24.9, 28.2. Danna Run, sai Circuit don jadawali ko Graph don zane.

MUF da ka gani matsakaici ne, ma'ana a rabin kwanakin wata ainihin iyakar tana sama da shi, a rabi tana ƙasa. Kada ka ɗauke shi katanga. REL shi ne abin dubawa: 0.70 na nufin a kwana 21 cikin 30, a wannan sa'ar, sigina za ta kai SNR ɗin da ka nema. Ga mai sha'awa 0.50 ma abin gwadawa ne. TANGLE ita ce kusurwar da hanyar ke bukata, ka kwatanta ta da inda eriyarka ke da ƙarfi. MODE kuma yana nuna tsallen, 2F2 tsalle biyu ke nan ta ɓangaren F2 na ayonosfiya. Idan MUFday, wato kason kwanakin wata da mitarka ke ƙasa da iyakar MUF, yana da kyau amma REL ya faɗi, hanya a buɗe take, ƙarfi ne bai isa ba ko hayaniya ta yi yawa. Hakan ake gani da tsakar rana a mita 40, lokacin da ɓangaren D, wato na ƙasa-ƙasa a ayonosfiya, ke shanye sigina. Idan kuwa MUFday ne ya faɗi, ƙarin wuta ba zai yi komai ba, sai dai ka sauka zuwa mitar da ke ƙasa, kamar daga 21.1 zuwa 14.1.

Duk abin da ka sa yana cikin voacapx.dat a jakar run, sakamako kuma a voacapx.out. Idan hasashe ya yi maka wani iri, buɗe na biyun ka karanta kan shafin, za ka ga wuta da eriya da SSN da aka yi amfani da su a zahiri. In za ka gyara na farkon da hannu, kada ka matsar da lamba ko da gurbi ɗaya, kada kuma ka danna Tab. Kowace lamba tana da ginshiƙinta.

Abin da ba ta gani, musamman a yankinmu

VOACAP ba ta da gurbin sa lambar K, ma'aunin rikicewar maganaɗisun duniya. Ba ta san guguwar maganaɗisu ba, ba ta san fashewar rana da ke kashe gajeren zango na mintuna ko sa'a a ɓangaren duniya da ke rana ba. Idan zango ya mutu alhali hasashe ya ce 0.90, duba shafin NOAA tukuna. K daga 5 zuwa sama guguwa ce, kuma hanyoyin da ke bi ta can arewa, kamar zuwa yammacin Amurka, su suka fi jin jiki.

Sannan layin tsakiyar maganaɗisun duniya yana ratsa arewacin Najeriya ne, ba ya bin layin tsakiyar taswira. Caji yana taruwa sosai a wajen digiri 15 arewa da kudancin wannan layi, bayan faɗuwar rana kuma ɓangaren F yakan dagule. Abin da za ka ji shi ne sigina tana rawa da sauri bayan magariba, musamman wajen Maris da Satumba zuwa Oktoba, wani lokaci kuma manyan zanguna, irin su mita 10 da mita 12, su ci gaba da aiki ta arewa da kudu bayan sa'ar da manhajar ta ce sun rufe. Wannan ba kuskuren saitinka ba ne, lissafin matsakaicin wata ne ba ya kama shi.

Gwada hasashe da kunnenka

Hanya mafi sauƙi ita ce tashoshin alama na NCDXF da IARU. Guda 18 ne a faɗin duniya, suna karɓa-karɓa a 14.100, 18.110, 21.150, 24.930 da 28.200, kowace daƙiƙa 10, zagaye ya cika cikin minti 3. Kowace tana aika sunanta da Mos a wat 100, sai dogayen sauti huɗu a wat 100, 10, 1 da 0.1. Lissafa hanyar OH2B ta Finland ko ZS6DN ta Afirka ta Kudu, ka saurara a sa'ar da aka ce.

Wadda ta fi ba da lambobi ita ce WSPR, tsarin gwada hanya da ƙaramar wuta, cikin WSJT-X ta Joe Taylor, K1JT. Sauraro kawai ba ya bukatar aikawa. Aikawa kuwa sai da lasisin hukumar sadarwar ƙasarka. Sa rediyo a USB, wato SSB ta gefen sama, 14.0956 ko 7.0386 ko 21.0946. A saiti ka sa lambar gurbinka ta Maidenhead, wadda ke nuna wurinka a taswira: Kaduna JK30, Sakkwato JK23, Damagaram JK43, Yamai JK13, Akara IJ95. Kano tana kan layin digiri 12 daidai, saboda haka arewacin gari JK42 ne, kudanci JK41, sai ka duba da GPS na waya.

Idan kana ganin layuka a allon amma ba a karanta komai, agogo ne kusan kullum. WSPR tana farawa a minti mai cika biyu-biyu, FT8 kowace daƙiƙa 15, kuma kuskuren da ya wuce daƙiƙa ɗaya yana fara ɓata aiki. Duba ginshiƙin DT, mai nuna bambancin lokaci, a FT8: idan duk tashoshi suna nuna kusan lamba ɗaya, kamar 1.8, agogonka ne. Windows ba ta yawan daidaita agogo, ka sa manhajar NTP, mai daidaita agogo ta intanet, irin ta Meinberg, inda babu intanet kuma ka yi amfani da ƙaramar na'urar GPS ta USB. Kwamfutar da ke rasa lokaci duk sanda aka ɗauke wuta, ƙaramin batirinta na CR2032 ne ya mutu. Katin sauti ka sa shi 48,000 haz, bit 16, ka kashe duk wani gyaran murya na Windows, ka daidaita ƙara har ma'aunin hagu na WSJT-X ya tsaya wajen 30 lokacin da babu sigina. Idan ya yi ja, ya yi yawa.

Wutar WSPR da dBm ake rubutawa: wat 5 shi ne 37, wat 1 shi ne 30, miliwat 200 kuma 23. Zaɓi wata tasha da kake ji kullum, ka sa wurinta da wutarta a VOACAP a matsayin mai aikawa, kai mai karɓa. Tara rahotanninta na sa'a ɗaya tak, misali 18 UTC, na aƙalla mako biyu, ka ɗauki na tsakiya. Cire 34 daga SNR ɗin da VOACAP ta bayar, ka kwatanta. Bambancin desibel 5 ko 6 ba abin damuwa ba ne. Idan kuwa kullum kana ƙasa da hasashe da desibel 10 zuwa 15 a kowane zango da kowace fuska, lambar hayaniyarka ce, ka rage ta. Idan ta fuska ɗaya ce kawai, eriya ce ko wani gini da ya tare. Idan kuma manyan zanguna ne kaɗai ke rufewa kafin lokacin da aka ce, koma Groups ka duba ko ka ninka SSN da 0.7.